Haɗin Hajiya da Wuyan 'Yar Fari

'Yata ta fari tana da tabo a wuya. Daga ƙasan kunnen hagu ya faro, ya bi lanƙwasar wuya har kusa da maƙogwaro, fatar wurin ta tattare tana ɗan sheƙi. Wanda bai sani ba yakan ce ruwan zafi ne ya zubo mata tana ƙarama, ita ma haka take cewa in an dame ta da tambaya. Ni kuwa na san kwanon da aka lakato abin, na san hannun da ya shafa, har zobban da ke yatsun hannun ina iya tunawa.

Bayan an gama yaƙin basasa mutanenmu suka riƙa komawa Fatakwal da kaɗan-kaɗan, wanda ya gudu daga shi sai rigar wuyansa ya dawo yana neman inda ya bar rumfarsa. Mijina yana cikin waɗanda suka dawo, yana bin ubangidansa, wani dillalin shanu mai faɗa a ji a mayankar Trans-Amadi. Da ƙafarsa ta ɗan tsaya sai ya je gida ya auro ni, ya kawo ni unguwar Mile 2, cikin Diobu. Gidan dogo ne mai rufin kwano, ɗakuna na kallon juna, lambatu ya ratsa ta bakin ƙofa. Ubangidan, wanda kowa ke kira Alhaji, shi ya kama yawancin ɗakunan ya zuba yaransa da iyalansu. Na can ƙarshe ne kawai ke hannun 'yan ƙasa. Alhaji da asuba yake fita, sai almuru, saboda haka mulkin gidan yana hannun matarsa, Hajiya.

A garinmu jiki bushewa yake, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage, don haka tun kana zanen goyo ake dulmuya ka cikin mai: man shanu, man kaɗanya, man gyaɗa, wanda ya samu basilin kuma ya zama ɗan gayu. Macen da ba ta shafa mai ƙazama ce. A Fatakwal kuwa ruwa ba ya ɗaukewa, in ya ɗauke sai wani zafi mai danƙo ya sauko. Shanya ta kwana ba ta bushe ba, gishiri ya narke a gwangwani, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ya yi funfuna. Kana fitowa daga wanka gumi ya riga ka zuwa ɗaki. Amma mu da muka fi kowa wayo, sai mu ɗora mai a kan gumin. Ba macen gidan da ba ta da ƙyasbi a ƙirji ko a baya, yara kuwa makero ya gama cinye musu gashin kai. Kowa na susa, kowa na cewa ruwan garin ne ba shi da kyau.

Ana cikin haka kuɗin man fetur suka faso gari. Kamfanonin mai suka cika da ma'aikata masu cin nama safe da yamma, jiragen ruwa na tsayawa suna nema, Alhaji ya samu kwangilar kai musu. Mutumin da na sani da keke ya koma mota, ya sa firji a falon da ko tabarmar kirki babu a da. Hajiya ta hau jirgin sama ta je Makka, sunan ya zama na gaske, ta dawo da haƙorin gwal da akwatuna. Ba na baƙin ciki da arzikin kowa, Allah ya sani, mu ma mun ci albarkacinsa. Abin da na raina shi ne yadda kuɗin suka shigo suka tarar da kan matar nan fayau, ba komai a ciki sai son a ce ta fi.

Hajiya baƙa ce, baƙi mai kyau, irin wanda in ta sa kwalli ta ɗaura ɗankwali sai ka sake kallo. Sai ta fara shiga babban kantin cikin gari inda matan Turawa ke sayayya, da shagunan kemis na Mile 3, tana kwaso mayuka: na kwalba, na gwangwani, da na matsawa irin na man goge baki. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a jikinsu ba, ba ta kuma tambaya. Hoton matar da ke jikin kwali take dubawa, in ta ga fara sol tana murmushi, ta shinshina, ta saya. Da ma a ce ɗaya take shafawa. Ina. A gidan masu haɗa turaren wuta da yaji ta tashi, a wurinta abu ɗaya tilo bai isa komai ba, sai an haɗa. Tana da wata langa mai murfi, mai zanen jan fure. A ciki take matse mayukan nan duka, ta kankare wani sabulu mai ruwan toka a kai, ta matsa lemon tsami, ta barbaɗa kurkum, ta jiƙa 'yar kanwa ta zuba wai don ya kama jiki, ta tsiyaya turare, ta juya da cokali. Wannan shi ake kira haɗin Hajiya.

Ya kuwa kama. Fuskar ta yi ja ta saɓule, ta sake saɓulewa, ta fito wata kala tsakanin gwanda da ɗanyen nama. Gaɓoɓin yatsu suka ƙi, kunnuwa suka ƙi, ƙafa ta tsaya a kan asalinta. In ta daɗe a rana wani ƙarni ke tashi daga jikinta wanda turaren Makka bai iya rufewa ba. Matan gida kuwa, waɗanda mazansu ke ci a hannun mijinta, sai su zauna suna zuga ta. "Hajiya, hutu ya karɓe ki." "Hajiya, wallahi kamar Balarabiya." Wadda ta fi iya baki a lakato mata a murfin kwalba, ta tafi da shi ɗaki kamar an ba ta zamzam. Ni ma an taɓa miƙo mini. Na karɓa hannu biyu, na yi godiya, na shafa wa ƙarfen ƙyauren ɗakina da ke damuna da ƙara.

Da na samu ciki, ya kamata a mai da ni gida goyon ciki, in haihu a gaban uwata, in yi wanka a can. To uwata ta rasu tun ina budurwa, hanya ga nisa, mijina kuma ya ce me za a je nema, ga Hajiya, ai uwa ce. Ita ma ta bugi ƙirji a gaban mutane ta ce ita ce uwata a garin nan. Haka na haihu a ɗakina, ana tsuga ruwa kamar kullum. Mace na haifa.

Bari in faɗi abin da yaran yanzu ba su sani ba. A yadda aka rene mu, mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa, in za ta ba shi nono sai ta kau da kai kamar ajiyar wani aka ba ta. In ya yi kuka a hannun mutane, ba ita za ta ce a miƙo shi ba. Kunyar ɗan fari ke nan. A gida ba ta cutar da kowa, domin in an rufe idon uwa akwai na kaka da na goggo da na inna a buɗe a kan yaron. A Diobu an rufe nawa, wanda aka bari a buɗe na Hajiya ne.

Ranar da aka haife ta, Hajiya ta karɓe ta, ta juya kunnenta ta duba bakinsa, ta duba gindin farcenta, yadda mata ke yi in suna son sanin kalar da jariri zai tsaya a kai. Ta taɓe baki.

"Wannan baƙa za ta yi, ubanta ta ɗebo," in ji ta. "Ba komai, tana hannuna."

Babban abokin gabar Hajiya shi ne sanyi. A ganinta duk inda ake ruwa akwai sanyi, tunda kuwa ruwa ake kullum, to jaririyar nan cikin haɗari take. Aka rufe tagar ɗakina aka toshe da tsumma. Aka shigo da kaskon gawayi. Safe da yamma a mulke yarinyar da man shanu tun daga maɗiga har tafin ƙafa, a sa mata riga, a ɗora rigar ulu, hular ulu, safar ulu, a naɗe ta a shawul mai gashi. Duk daga kanti suka fito, kuma sai an nuna wa 'yan barka ɗaya bayan ɗaya an gaya musu ƙasar da aka kawo su. Kayan da aka saƙa don 'ya'yan da ake haifa cikin ƙanƙara, su aka jibga wa 'yata a ɗakin da ni babba nake zaune da ɗaurin ƙirji gumi na bin bayana.

Ba a jima da suna ba ƙuraje suka feso mata, ƙanana jajaye, a wuya da hammata da matse-matsi. Ƙurajen zafi ne, ko yaro ya gani ya sani. Yarinya ta riƙa mutsu-mutsu tana kuka ba hutawa. Hajiya ta duba ta ce sanyi ne yake fitowa, aka ƙara man shanu, aka ƙara zane. In an bar ni ni kaɗai nakan tuɓe ta in yi mata fifita, sai ta yi lamo ta yi barci, da na ji takun Hajiya in mayar. Na gaya wa mijina, ina kewaye-kewaye, don ko a gabansa ban iya cewa 'yata ba. Ya ce, "Hajiya ta yi goyo tun ba a haife ki ba. Kada ki ja mini magana a gidan mutane." Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma a lokacin in Alhaji ya ce rana ta faɗi da hantsi, fitila zai kunna.

A ɗakin ƙarshe akwai wata 'yar ƙasa mai sayar da bandar kifi a kasuwar Mile 3. Ƙananan 'ya'yanta tsirara suke yawo a tsakar gida, an shafe musu wuya da baya da farar ƙasa. Matan gidanmu na yi musu dariya, wai an tsamo su daga buhun fulawa. Yaran nan kuwa fatarsu sumul, ba mai susa a cikinsu. Wata rana ta leƙo yi mini barka, ta ga ƙunshin ulu a kan gado yana numfashi, ta ɗaga gefen hular. Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, sai ta yi da Turancin buroka. "Mama baby, na pikin una dey cook so?" Wato dafa yarinyar muke yi. Hajiya na bakin ƙofa. Ta ce da ni a gaban matar, "Ki rasa wanda zai koya miki goyo sai waɗanda ba su san a sa wa yaro wando ba." Matar ba ta ji kalmomin ba amma ta ji muryar, ta ajiye kifin da ta kawo mini ta fita.

Wankan jego ne ya ba da ƙofa. Kowace safiya wata tsohuwa da Hajiya ta ɗauko takan kai ni makewayi, ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta yi ta jibga mini, ba ta sakina sai tukunyar ta ƙare. Wata safiya na dawo ina tururi, na tarar da Hajiya zaune a bakin gadona, yarinya a cinyarta, langa mai jan fure a buɗe a gefe. Ta riga ta gama. Ta shafa har cikin lanƙwasar wuya inda ƙurajen suka farfashe, yarinyar kuwa ta yi kuka har muryarta ta shige. Biyu daga matan gida na tsaye suna kallo.

"Zai kashe ƙurajen, ya kuma wanke ta," in ji Hajiya. "Tun suna ɗanyu ake farawa. Da an yi mini haka ina ƙarama da ban sha wahala ba."

Na ce, "Hajiya, ko da za a bar shi haka? Na ga kamar yana yi mata zafi."

Ɗaya daga cikin matan ta kama haɓa. "Yau ga sabon salo. 'Yar fari ce fa. Har kin san tana jin zafi?" Suka yi dariya.

Hajiya ta rufe langarta ta ce, "Ƙyale ta, zaman Kudu ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Suna fita na wanke wuyan da ruwa. Amma wanka kullum ne, tsohuwa ba ta sakina, Hajiya kuma ba ta makara. In dawo in wanke, gobe ta sake. Na roƙi tsohuwar ta bar ni in shiga da yarinyar, ta ce a ina aka taɓa yi. Na sake gaya wa mijina, ya ce zai duba lokacin da ya dace ya yi wa Alhaji magana. Lokacin bai zo ba fatar wuyan ta tashi. Ta yi ja, ta yi bororo, ta saɓule kamar ɓawon tumatir da aka zuba wa ruwan zafi, ta fara tsattsafo da ruwa. Na nuna wa Hajiya. Ta yi murmushi har haƙorin gwal ya fito. "Alhamdu lillahi, ya karɓe ta. Tsohuwar fata ce ke fita. Ni ma haka ya yi mini." A nan na gane matar nan ba mugunta take yi ba. Da mugunta ce da da sauƙi, mugu yakan ji tsoro ya daina. Ita gani take alheri take yi, har tana jiran godiya.

Abin ya zo ƙarshe ranar da aka kawo wa Alhaji talabijin. Gidan ya cika da mata daga unguwanni an zo ganin akwatin, ko da yake sai yamma ake fara nuna wani abu, zaune kawai suke suna kallon gilashi. Yarinyar tun safe ta ƙi kama nono. Jikinta ya yi zafi rau, kukan ma ta daina, sai wani ɗan nishi. Rigar ulu ta manne a ciwon, wani wari na fitowa wanda na san ba na man shanu ba ne. Da hantsi Hajiya ta shigo ta ɗauke ta wai baƙi su gani. Na bi bayanta na tsaya a bakin falo, inda mai jego mai kunya ba ta da abin yi.

Ta zauna a tsakiyar mata tana ba su labarin yadda za ta mai da baƙar jaririya fara kafin arba'in. Wata ta ce a nuna mata haɗin. Aka ɗauko langa. Hajiya ta buɗe, ta sa yatsu ta lakato, ta ɗaga haɓar yarinyar da ɗaya hannun.

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na fizge yarinyar daga cinyarta, na sa ƙafa na shuri langar, ta yi waje ta ƙofa, ta gangara ta kife a lambatu. Ba kuskure ba ne, ko yau aka mai da ni wurin sai na ƙara mata ƙarfi. Na ce, "'Yata ce. Ba wanda zai ƙara taɓa ta." Na kuma kira sunanta, sunan yanka, kowa ya ji. Ba na jin a cikinsu akwai wadda ta taɓa ganin uwa ta yi haka. Wata ta ce a'uzu billahi. Wuyan yana gabansu yana zubar da ruwa ba ta ce ba, sai da ta ji sunan.

Mai kifi tana tsakar gida tana jera kayanta a tire. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta tura tiren cikin ɗaki ta ce, "Oya, make we go." Wato maza mu tafi. Na fita ban gama arba'in ba, ban nemi izinin miji ba, ko mayafin kirki babu, ana yayyafi. Ta tsayar da tasi ta kai ni wani ɗan asibitin mata da yara da ban taɓa sanin akwai shi ba.

Nas ɗin da ta karɓe mu sai da ta jiƙa rigar ulun ta sa almakashi ta yanka kafin ta rabu da naman wuyan. Ta tambayi abin da aka shafa, mai kifi na yi mana tafinta da baki da hannu. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, na faɗi abin da na sani: lemon tsami, kanwa, sabulu, kurkum, da mayukan da ni ma ban san sunansu ba. Da ta gane man bilicin ake nufi, ta ajiye almakashin ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ban ce ba ni ba ce. Wa zan ce, uwata ta garin nan? Na haɗiye, kuma har yau ina jin haushin kallon nan, domin a kan Hajiya ya kamata ya sauka. Aka wanke ciwon, aka shafa wani shuɗin magani, aka yi mata allura, aka ce in riƙa kawo ta har a gama alluran. Sauran jikin aka ba ni wani ruwan magani da ke bushewa fari kamar alli. Nas ta ce ba mai, ba ulu, ba gawayi, a bar fatar ta sha iska. Ta kuma ce da mun ƙara jinkiri da ciwon ya shiga jini.

Na dawo na buɗe taga, na fitar da kasko, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa na kwantar da yarinya daga ita sai ɗan ƙyalle, wuya shuɗi, baya fari. Ta koma irin 'ya'yan mai kifi sak. Matan gida suna wucewa suna kau da kai. A hankali ta kama nono, zazzaɓin ya sauka, ƙurajen jiki suka bushe. Wuyan ne ya daɗe, da ya warke kuma ya bar tabon nan.

A ranar da na shuri langar, da yamma, Alhaji ya kira mijina. Ban ji abin da aka ce masa ba, amma ya shigo ko kallona ba ya iya yi. Daga baya na ji ba a yi maganar yarinya ba. Maganar ita ce matarsa ta yi rashin kunya a gaban baƙi, ta fita ba izini, ta bi 'yar ƙasa, ta kuma shuri kwanon Hajiya. Washegari ya je kasuwa ya samo sabuwar langa, ita ma mai jan fure, ya sa ni gaba. Na durƙusa a falon nan gaban talabijin, na miƙa langa, na ce a yi haƙuri. Saboda shi na yi, don abincinsa a hannunsu yake. Hajiya ta juya langar ta duba gindinta, ta ce ta yafe, ɗan yau sai haƙuri, amma ita ta cire hannunta daga kan yarinyar. Ban taɓa jin hukuncin da ya yi mini daɗi irin wannan ba. Daga ranar sunana a unguwa ya zama marar kunyar nan. Har bayan mun tashi mun koma Mile 3, in na shiga gidan biki sai in ga ana taɓa juna.

Shekaru suka tafi. Kuɗin mai suka ja baya yadda suka zo, kwangila ta koma hannun wasu, Alhaji ya kwanta ciwo ya rasu. Na ɗauki yarinyar, lokacin ta zama budurwa, baƙa doguwa irin ubanta, muka je gaisuwa Mile 2. Gidan na nan, lambatun na nan. Hajiya na zaune a kan tabarma cikin takaba, ba hoda ba turare, karo na farko da na ga fuskar ba rufi. Kumatun sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, baƙin da ya fi wanda ta gudu. Goshin ja ne, fatar hannun ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi. A ƙwaurinta akwai gyambo ɗaure da tsumma, wai ƙusa ce ta karce ta tun bara ya ƙi rufewa. Na so in ji tausayinta, na kuwa fara ji.

Muka durƙusa. Na ce, "Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Da godiya, amin," in ji ta. Ta dubi yarinyar. "Wannan ce 'yar tawa? Matso in gan ki."

Ta kama haɓarta ta ɗaga, mayafin ya zame. Ta tsura wa tabon ido, ta bi shi da yatsa tun daga ƙasan kunne.

"Wannan fa, garin yaya?" Ta juyo gare ni. "Ke ma dai da sakaci. Yarinya mace ki bari ta ƙone haka?"

Na duba idonta ko gatse take yi. Babu. Ta manta kaf. Abin da na kwana da shi na tashi da shi duk shekarun nan, ita ko a gefen zuciyarta bai zauna ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado tana lalube, ta jawo langa mai jan fure, wadda na durƙusa na miƙa mata, fentin ya ɓaɓɓare a baki.

"Ta tafi da kaɗan," ta ce, tana kokawa da murfin. "Nan da nan zai goge shi, ya ma ɗan wanke ta."

Ɗakin cike yake da masu gaisuwa, da yawansu suna falon nan ranar talabijin. Na ce, "Bar shi, Hajiya. Haɗinki ne ya yi shi, tana jaririya, a kan cinyarki."

"Ni?" Ta waiga dama da hagu tana neman mai tayawa. Kowacce ta sunkuya a kan carbinta. Can daga bayan ɗaki wata ta ce a hankali, "Har yanzu dai ba ta da kunya."

Na miƙe, na kira 'yata da sunanta, na ce ta tashi mu tafi. Da muka zo tsallake lambatu ta ɗaga hannu za ta ja mayafi ta rufe wuyan, na riƙe hannun.